A Fara Tambaya: Littafin Yana da Daɗi?

Ranar wata Asabar da hantsi ina tsaye a rumfar wani mai sayar da littattafai cikin babbar kasuwar Sakkwato, sai ga wani magidanci ya zo da ɗansa wanda bai wuce shekara goma sha biyu ba. Littafin lissafi suka zo saye da na tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Uban na cikin ciniki, yaron ya jawo wani siririn littafi mai ƙura daga ƙasan tari, ya buɗe, ya tsaya yana karantawa har leɓɓansa na motsi. *Ruwan Bagaja* ne.

Da aka gama ciniki yaron ya ɗaga kai ya ce, "Baba, a haɗa mini da wanga." Uban ya karɓa, ya duba gaba da baya, ya tambayi mai rumfa ko ana yin sa a jarrabawa. Da aka ce masa ba ya cikin na ajin yaron, sai ya mayar da shi inda aka ɗauko, ya ce ba shi da kuɗin sayen tatsuniya. Yaron bai yi gardama ba, amma har suka fita rumfar yana waiwaye.

Ban ga laifin mutumin a kan tattalin kuɗinsa ba, domin kowa ya san halin da ake ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ma'aunin da ya yi amfani da shi, wanda kuma shi ne ma'aunin mafi yawanmu: littafi ba shi da daraja sai in ana yin sa a jarrabawa, ko kuwa in yana da nauyin da mai karanta shi zai sha wuya. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai ba wani shawarar littafi, yaro ne ko saurayi ko dattijo, to tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce ko mutumin zai ji daɗinsa har ya kai ƙarshe ba tare da an tsaya a kansa da bulala ba. Sauran tambayoyi, na amfani da na tarbiyya, suna da muhimmanci, kuma zan zo kansu, amma bayan wannan suke zuwa.

"Ɓata lokaci ne, ga jarrabawa a gaba"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma iyayen da ke kawo ta suna yi ne don son 'ya'yansu. Sai dai ina ganin sun ɗauki abin a baibai. Yaron da ke faɗuwa jarrabawa, sau da yawa ba don bai haddace amsa ba ne yake faɗuwa; tambayar ce ba ya iya karantawa da sauri ya gane abin da ake nema. Duk malamin da ya taɓa tsaron ɗakin jarrabawa ya ga ɗalibin da ke bin layi da yatsa, yana haɗa baƙi da baƙi, har lokaci ya ƙare bai kai tambaya ta biyar ba.

Saurin karatu da fahimta ba a samun su sai da yawan karatu, yawan karatu kuwa ba ya samuwa ga yaro sai in yana so. Babu ɗan shekara goma da zai zauna awa biyu a kan littafin nahawu da son ransa, amma na sha ganin wanda aka kira cin tuwo sau uku bai ji ba saboda yana son ya san yadda Alhaji Imam zai rama abin da Malam Zurƙe ya yi masa a cikin *Ruwan Bagaja*. A cikin awa biyun nan yaron ya bi dubban kalmomi, ya koyi inda jimla ke tsayawa, ya saba riƙe farkon labari a kansa har ya kai ƙarshe. Wannan ƙwarewar ce zai shiga da ita ɗakin jarrabawar kimiyya da ta tarihi, ko da kuwa ba a tambaye shi komai game da Malam Zurƙe ba.

Magabatanmu ba su raina daɗi ba

Akwai wata hujjar da na fi jin ta a nan Sakkwato, kuma ta fi ta farko nauyi. Ana cewa garin nan garin ilimi ne, Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar mana littattafan da ko rabinsu ba mu karanta ba, to me zai kai mu ga labaran ƙirƙira? Ina girmama wannan magana, amma ina roƙon masu yin ta su sake duba yadda waɗannan bayin Allah suka yi aikinsu.

Shehu bai tsaya ga rubutun Larabci don malamai kawai ba. Ya yi waƙoƙi da harshen da makiyayi da manomi ke ji. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta zuba tauhidi da tarihi da ladubba cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa, ta koya wa jajoji, wato matan da ta horar don koyarwa, su kuma suka kai wa matan ƙauyuka cikin tsarin 'Yan Taru. Da ba ta san cewa kunne yana bin abin da ya yi masa daɗi ba, da ba ta wahalar da kanta wajen daidaita kari da amsa-amo ba. Malam Abdullahi da kansa ya ambaci cewa ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin mawaƙan nan shida na Jahiliyya a wurin Shehu. Har yau kuma a zaurukanmu ana karanta *Maƙama* ta Hariri, wadda daga farko har ƙarshe labaran dabaru da wayon Abu Zaidi ne, malamai na fassarawa almajirai na murmushi, ana kwasar lugga ba a ji nauyinta ba. Daga wannan littafi ne ma Abubakar Imam ya ɗauki salon abokan hamayya biyu masu haɗuwa gari-gari da ya gina *Ruwan Bagaja* a kai.

Ko a zamanin boko haka abin ya ci gaba. Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta, ya ga cewa labarin ƙasa zai fi zama a kan ɗalibai in an rera shi, sai ya tsara *Waƙar Nijeriya*. Abubakar Tunau, mutumin Mafara, da ya so ya koyar da tsabta sai ya rubuta *Wasan Marafa*. Saboda haka wanda ya ce a nemi daɗi a cikin karatu bai kawo baƙon abu a garin nan ba. Kuma ban ce littafin labari ya maye gurbin Ahalari ko Iziyya ba. Kowane da lokacinsa, kamar yadda makarantar allo ba ta hana tatsuniyar dare ba a gidajen da muka tashi.

Yara ƙanana

Ga yaron da bai kai shekara bakwai ba, littafi na farko bakin babba ne. A zauna da shi bayan sallar isha'i, a karanta masa da murya, a canza murya in Gizo na magana, a tsaya a tambaye shi me yake jin Ƙoƙi za ta yi. Wanda tatsuniyoyin suka ɓace masa, jerin *Tatsuniyoyi da Wasanni* na Ibrahim Yaro Yahaya zai tuna masa da su, kuma an rubuta su da Hausa mai sauƙi wadda yaron zai iya bi da kansa in ya fara haɗa baƙi. Abin sha'awa ne a tuna cewa babban kundin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da yawa daga cikin abin da ke ciki malaman ƙasar Sakkwato ne suka rubuta shi da ajami. Kayanmu ne, mu ne muka sake shi.

Daga shekara takwas zuwa goma sha biyu, ban san littafin da ya kai *Magana Jari Ce* ba. Ya fara fitowa a 1937, amma har yau in aka karanta wa yara labarin Kalala da Kalalatu sai an ji dariya daga bayan katanga. Abin da ya sa ya dace da wannan shekaru shi ne tsarinsa: kowane labari gajere ne, ana iya gama shi a zama ɗaya, ga kuma babban labarin da ya ɗaure su, na akun da ke riƙe Musa ɗan sarki da hira don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Yaro na samun gamsuwar gama abu kowane dare, yana kuma da dalilin dawowa gobe. Shawarata a fara da littafi na ɗaya, kada a tura masa ukun gaba ɗaya, domin kaurinsu kaɗai kan karya wa mai koyo gwiwa.

Yaron da ke son faɗa da jarumta a ba shi *Iliya Ɗan Maiƙarfi* na Ahmadu Ingawa, labarin gurgun da ya miƙe ya zama barde. Wanda kuma kullum idonsa na sama yana tambayar abin da ke bayan taurari, a nemo masa *Tauraruwa Mai Wutsiya* na Umaru Dembo, inda aka ɗauki yaro Kilba aka yi sama da shi. Na ambaci waɗannan biyu tare ne don in nuna cewa yara ba ɗaya ba ne. Kuskuren da mukan yi shi ne mu ba kowane yaro littafin da mu muka so muna yara, in ya ƙi sai mu ce ba ya son karatu, alhali wataƙila littafin ne bai dace da shi ba. In yaro ya karanta shafi goma ya ajiye, a karɓa a ba shi wani, ba tare da faɗa ba.

Dole in faɗi wata gaskiya mai ɗaci a nan. Littattafan Hausa masu hotuna masu kyau na 'yan shekara huɗu zuwa bakwai sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma mafi yawan abin da na lissafa ya girmi iyayen yaran. Wannan giɓi ne da ke jiran marubutanmu da masu zanenmu, musamman ga jami'a a gari wadda ta daɗe tana yaye masana Hausa.

Matasa, da maganar lalacewar tarbiyya

A nan ne gardamar ta fi zafi, kuma a nan ne nake son in daɗe. Da zarar yarinya ta kai shekara goma sha huɗu aka gan ta da littafin Hausa, sai hankalin gida ya tashi. Kalmar "littafin soyayya" ta zama kamar zagi, har ta kai a 2007 an tara irin waɗannan littattafai an ƙona a Kano da sunan gyaran tarbiyya.

Ba zan ce tsoron iyaye ba shi da tushe ba. Akwai rubuce-rubucen da ke yawo yanzu a WhatsApp da sauran kafofin intanet, babu edita, babu mai dubawa, wasunsu batsa ce tsagwaronta aka lulluɓe da sunan labari. Ni ma ba zan so in ga ɗiyata da su ba. Amma mu duba abin da hani na gaba ɗaya ya haifar. Littafin takarda, wanda uwa ke iya gani a ƙarƙashin matashin kai ta buɗe ta duba, mun kore shi daga gida. Abin da ya maye gurbinsa yana cikin waya, bayan lambar sirri, inda babu mai gani. Yarinyar ba ta daina karatu ba, mu ne muka daina sanin abin da take karantawa.

Matashi na son labarin da ya taɓa abin da ke damunsa: so, aure, kishi, talauci, rashin adalci, da neman matsayi a cikin mutane. In ba mu ba shi mai kyau ba zai nemo da kansa, kuma mai kyau yana nan. *Wa Zai Auri Jahila?* na Balaraba Ramat Yakubu labarin Abu ne, wadda aka cire daga makaranta aka aurar ga tsoho, ta sha wuya, daga baya ta koma karatu ta zama abin dogaron danginta. Ban san wa'azin da zai sa yarinya ta riƙe makaranta kamar wannan labari ba, kuma ba za ta ajiye shi ba sai ta gama. *So Aljannar Duniya* na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980, soyayya ce ta yarinyar Fulani, an rubuta ta da kunya da ladabi. *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino ya ɗauki tambayar da kowane saurayi marar hali ke yi wa kansa, wato ko dukiya ce ke yanke hukunci a maganar aure.

Ga samari, *Kitsen Rogo* na Abdulƙadir Ɗangambo ya dace da wannan lokaci da kowane yaron ƙauye ke ganin arziki na birni, domin ya bi saurayin da ya bar gida ya shiga Kano ya faɗa hannun miyagun abokai. *Jiki Magayi* kuwa, na John Tafida da Rupert East, gajere ne amma yana da nauyi: mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya sha alwashin ramuwa, ramuwar ta ci har wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Na taɓa ba wani ɗan ƙanena shi, bayan kwana biyu ya dawo yana gardama da ni a kan wa ya fi laifi tsakanin mutanen biyu. Mun yi fiye da awa muna wannan magana, kuma ban taɓa samun irin wannan hira da shi ba kafin ranar.

*Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne wanda nake cewa kowane matashi ya karanta kafin ya gama sakandare. Labarin yaron da aka sace, aka bi da shi hamada a zamanin cinikin bayi, da uwar da ta bar komai ta bi sawunsa. Duk wanda ya kai wurin da uwar ke shan wahala a hannun waɗanda suka bautar da ita bai ji komai a ransa ba, to da sauri ya karanta. Littafin yana koyar da tarihin da ba kasafai muke son tattaunawa ba, kuma yana yin haka ba tare da ɗaga murya ba.

Sharaɗi ɗaya nake gindayawa, kuma a kan manya yake: kada ka ba matashi littafin da ba ka karanta ba, kada kuma ka hana shi wanda ba ka karanta ba. Uwar da ta karanta littafi kafin ɗiyarta ta san inda za ta tsaya ta yi mata bayani, ta kuma sami ƙofar maganar da kunya kan hana a fara ta kai tsaye. Hukunci daga ganin bango, ko daga jin abin da wani ya ce, shi ya sa muka haɗa mai kyau da marar kyau muka zubar.

"Hausa za ta hana shi iya Turanci"

Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Yaron da ya saba karatu da harshen da yake mafarki da shi ya riga ya san mene ne karatu. Abin da ya rage masa kalmomin sabon harshe ne kawai. Wanda aka fara da shi da harshen da ba ya ji kuwa, wahala biyu aka haɗa masa a lokaci ɗaya, shi ya sa muke da ɗaliban da ke furta Turanci a kan allo ba su san abin da suka faɗa ba. Waɗanda suka rubuta littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, irin su Abubakar Imam da Bello Kagara da Tafawa Ɓalewa, Hausarsu ba ta rage musu Turanci ba, har ma na ƙarshen ya shahara da iya magana da shi.

In an zo ga Turancin, nan ma a bi ta hanyar daɗi. *The Passport of Mallam Ilia* na Cyprian Ekwensi a ƙasar Hausa aka gina shi, sunaye da wuraren duk yaro ya san irinsu, ga shi gajere mai jan hankali. *Chike and the River* na Chinua Achebe ya dace da 'yan firamare na sama, *The Stillborn* na Zaynab Alkali kuma ya dace da 'yan matan sakandare.

Manya fa?

Mun fi kowa buƙatar wannan magana, domin yaro ba ya ɗaukar abin da bai ga ana yi ba. Da yawa daga cikinmu rabonmu da littafin da ba na aiki ko na ibada ba tun muna makaranta, kuma in aka tambaye mu sai mu ce babu lokaci, alhali muna da lokacin da muke zama a majalisa daga la'asar zuwa magariba kowa na duban wayarsa. Ina jin abin da ya hana mu shi ne mun ɗauka cewa babba ba ya karatu don nishaɗi, sai don a ce ya sani.

Mai son siyasa da yadda ake cin amanar ƙasa ya nemi *Turmin Danya* na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982 daga wata gasar rubutu, zai yi mamakin yadda fasa-ƙwauri da cin hancin da aka bayyana a ciki ba su tsufa ba. *Ƙarshen Alewa Ƙasa* na Bature Gagare, daga wannan gasa, littafi ne mai tsanani da zubar da jini, ban ba yaro shawararsa ba, amma babban da ke zaune a yankin da 'yan bindiga suka hana noma zai karanta shi da wani ido dabam. *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'yanta saboda sabuwar mace, na fi son maza su karanta shi fiye da mata, domin matan sun riga sun san abin da ke ciki.

Wanda ba ya son ƙagaggen labari, akwai na gaskiya masu daɗin bi. *Labarin Baba*, wato rayuwar wata tsohuwa mutuniyar Karo ta ƙasar Kano kamar yadda ta ba da ita da bakinta, yana karantuwa kamar kana zaune gaban kakarka tana ba ka labarin aure da kishi da zuwan Turawa. *Tafiya Mabuɗin Ilmi* na Abubakar Imam ya ba da labarin tafiyarsa Ingila a 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, da idon Bahaushen da ke lura da komai. Basakkwace kuma bai kamata a ce bai taɓa buɗe *Tarihin Fulani* na Waziri Junaidu ba, ko fassarar Hausa ta *Infaƙul Maisuri* na Sarkin Musulmi Bello, inda zai ga sunayen Degel da Gudu da Tabkin Kwatto da Alkalawa sun tashi daga sunayen wurare sun zama labari mai mutane a ciki. Mai son waƙa kuwa, *Imfiraji* na Aliyu Namangi da *Fasaha Aƙiliya* na Aƙilu Aliyu sun ishe shi hira ta watanni, musamman in ya rera su da murya maimakon ya bi su da ido.

Ba na son a fahimce ni da cewa rubutu mai kyau ya ƙare da na da. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata masu gajerun labarai a kan gudun hijira da fyaɗe da talauci, da Hausa mai ƙarfi. Na fi ambaton tsofaffin ne domin su na karanta fiye da sau ɗaya, kuma na riga na ce kada mutum ya ba da shawarar abin da bai sani ba.

Ina za a same su?

Wannan ita ce hujjar da ba ni da cikakkiyar amsarta, domin gaskiya ce. Yawancin rumfunan littattafai a garin nan sun koma sayar da na makaranta da na addini, saboda su ake nema, kuma mai rumfa ba zai ajiye kayan da za su shekara suna shan ƙura ba. Wasu daga cikin littattafan da na ambata sai an yi oda daga Zariya ko Kano. Ɗakunan karatu na makarantu da yawa kuwa ko dai a kulle suke, ko kuma abin da ke ciki bai dace da shekarun ɗaliban ba.

Amma mai rumfa yana kawo abin da aka tambaya ne. In iyaye goma suka tambayi *Magana Jari Ce* a mako ɗaya, zai sa shi cikin odarsa ta gaba. Kuma littafi ba tuwo ba ne da in mutum ɗaya ya ci ya ƙare. Kwafi ɗaya yana iya zagaya gida goma. A unguwarmu mun gwada wannan a lokacin hutun ƙarshen shekara: gidaje shida, kowane ya sayi littafi biyu, aka ajiye su a zauren wani dattijo da ɗan littafin rubuta sunan mai aro. Biyu sun ɓace, ɗaya ya dawo babu bango, kuma ban ɗauki wannan asara ba, domin alama ce ta hannuwan da suka bi ta kansu. Makarantun Islamiyya, waɗanda ke da yara da matan aure a wuri ɗaya kowace rana, su ne suka fi dacewa da irin wannan akwatin aro, in shugabanninsu za su zauna su karanta su zaɓa da kansu.

Bayan mako biyu na koma rumfar nan ta kasuwa neman wani abu dabam, sai na tambayi mai rumfa ko kwafin *Ruwan Bagaja* yana nan. Ya ce yaron ya dawo shi kaɗai ranar Alhamis da kuɗi a dunƙule cikin hannu, canji ne ƙanana da ya tara, bai cika ba, ya bar masa a haka. Na tambaye shi ko akwai sauran kwafi, ya ce wannan ne na ƙarshe, kuma ya fi shekara biyu a wurin. Na roƙe shi ya sa biyar a odar da zai yi, tare da littafi na ɗaya na *Magana Jari Ce*, na ba shi kuɗin biyu a matsayin kafin alƙalami.